Tsakuwar Ado a Harabar Gida: Amsoshin Wasiƙunku

Da zarar damina ta ɗauke, magina suka koma bakin aiki, sai wasiƙun da ke iso wa wannan fili su karkata ga gyaran gida. A wannan karon mafi yawansu, daga Bauchi da Gombe, suna magana ne a kan tsakuwar ado, wadda ake shimfiɗawa a haraba a madadin siminti ko intalok ko ciyawa. Mun zaɓi waɗanda amsarsu za ta wadatar da sauran, mun kuma rage musu tsawo saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Na kammala gini a Fadaman Mada, saura harabar gaba. Ɗana da ke karatu a Ingila ya turo mini hotunan lambuna da aka shimfiɗa wa wata tsakuwa mai launin zuma gauraye da toka-toka, wadda suke kira filint. Ta ba ni sha'awa ƙwarai. Ana samunta a nan? In kuwa ba a samu, ya dace in sa a yi mini odarta? Daga wani Alhaji, Bauchi.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sanya alheri, ya sa a shiga a sa'a. Dutsen da ɗanka ya turo maka hotonsa ba baƙo ba ne ga kakanninmu, domin shi ne irin ƙanƙarar da ake bugawa da ƙyastu a sami wuta, kuma shi ake sa wa bindigogin zamanin da domin ya ba da tartsatsin da zai kama albarushi. Garin Brandon da ke gabashin Ingila ya yi suna wajen sassaƙa shi saboda wannan aiki, kuma har cikin ƙarni na 20 ana aiko da shi Afirka. Asalinsa dunƙule-dunƙule ne a cikin duwatsun alli na kudanci da gabashin Ingila da arewacin Faransa. Ruwa ne ya farfasa shi a tsawon zamani, ya tara shi a kwaruruwan koguna da bakin teku, inda ake haƙo shi a wanke a tankaɗe. Mutanen can suna yawan shimfiɗa shi ne saboda shi ne a ƙofar gidansu, kuma yana cikin mafi sauƙin kuɗi a wurinsu, ba don ya gagari sauran duwatsu kyau ba.

Yana da halaye na kirki, ba za a hana shi ba. A ma'aunin taurin duwatsu mai hawa 10 yana wajen hawa na 7, ke nan ya fi bakin wuƙa tauri, har yana iya karce gilashi. Saboda haka ba ya dagargajewa a ƙarƙashin tayar mota, ruwan sama ba ya narkar da shi, kuma ba ya sauya ɗabi'ar ƙasar da aka zuba shi a kai. Aibinsa shi ne idan ya fashe bakinsa kaifi gare shi tamkar fasasshiyar kwalba. Wannan bai dami mutanen da ba sa fita waje sai da takalmi sawu-ciki ba, amma ya kamata ya dami mai gidan da jikoki ke gudu a harabarsa ba takalmi.

Shawarata ita ce kada ka yi odarsa. Harabar da ta kai murabba'in mita 100, idan za a zuba mata tsakuwa mai kaurin santimita 5, tana cin kimanin tan 8 na dutse. Ka lissafa kuɗin jirgin ruwa da na kwastan, sannan ka ɗora kuɗin motar da za ta ɗauko shi daga Legas, tafiyar fiye da kilomita 1,000, duk domin a kawo dutse garin da duwatsu suka kewaye. Bauchi tana zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, wanda kowa ke gani a Warinje da Gudum da Dutsen Tanshi, har ma akwai wani nau'in dutse mai duhu da masana ilimin duwatsu suka laƙaba wa sunan garin, saboda a nan aka fara bayaninsa. Tsakuwar da ake fasawa daga irin waɗannan duwatsu ba ta gaza ta Ingila ƙarko ba.

Idan launin ne ya ɗauki hankalinka, to ka nemi tsakuwar rafi, irin wadda ake tankaɗowa daga yashin kogin Gongola da rafukan da ke zuba a cikinsa. Tana zuwa da launin ƙasa-ƙasa da ruwan zuma da fari-fari a gauraye, ruwa ya riga ya goge mata kaifi, kuma mafi yawanta farar ƙanƙara ce, dangin wancan dutse na Ingila. Ta fi wadda ake fasawa da inji wahalar samu da yawa iri ɗaya, saboda haka ka sa mai tifa ya kawo maka kwanon sarki guda ka gani tukuna, ka jiƙa ta da ruwa ka duba launinta a jiƙe da bushe, sannan ku yi ciniki a kan cewa duk lodin daga wuri ɗaya za a ɗebo. Ina kuma ganin launinta ya fi fari tas dacewa da mu, domin ƙurar hunturu da jar ƙasarmu ba sa barin farin dutse ya yi shekara da haskensa.

TAMBAYA: Malam, bara na sa aka juye mini tifar tsakuwa a gaban gida, leburori suka baje ta da shebur. Damina ɗaya kawai ta yi, rabinta ya nutse cikin ƙasa, aya-aya ta rufe sauran. Wani ya ce in kwashe in shimfiɗa leda a ƙasa in mayar. Haka ne? Daga wani malamin makaranta, Yelwa, Bauchi.

AMSA: Malam, Allah ya mayar da alheri. Kwashewar daidai ce, amma ledar ka rabu da ita. Abin da ya same ka shi ke samun mafi yawan masu wannan aiki, domin ana ɗaukar tsakuwar da ake gani a sama ita ce aikin, alhali kuwa aikin yana ƙarƙashinta. Ƙasar da ba a daddale ba tana yin laushi idan ta sha ruwa, duk wanda ya taka sai ya cusa dutsen cikin taɓo, taɓon kuma ya hauro sama ya zama gonar ciyawa.

Leda ba ta barin ruwa ya wuce. Ruwan Agusta zai kwanta a kanta, ya tara dauɗa da gansakuka, ya ba sauro wurin ƙyanƙyasa, saiwar duk wata bishiya da ke kusa kuma ta rasa iska. Bayan haka dutse zai huda ta, rana ta busar da inda ya bayyana, ka wayi gari baƙaƙen tsummokaran leda suna leƙowa ta ko'ina. Buhunan siminti da na taki da wasu ke shimfiɗawa sun ɗan fi ta, tun da suna tsiyayar da ruwa, amma su ma rana tana mayar da su gari. Abin da aka yi domin wannan aiki wani ƙyalle ne mai kauri na zaren roba, irin wanda masu aikin hanya ke shimfiɗawa a ƙarƙashin cikon ƙasa, wanda ruwa ke ratsawa amma ƙasa ba ta ratsa shi. Masu sayar da kayan gini na manyan garuruwa suna kawo shi a naɗe. Idan ba ka same shi ba, kyakkyawan daɓe a ƙasa zai ɗauke maka mafi yawan aikinsa.

Ga yadda za ka bi. Ka tattara tsohuwar tsakuwar da manjagara, a tankaɗe ta da rariyar waya irin ta magina, a ajiye gefe. Sannan a haƙe wurin zurfin santimita 10 idan na tafiyar ƙafa ne, ko 15 zuwa 20 idan mota za ta hau. A nan ne za ka yi yaƙinka da ciyawa, kuma kada ka yi gaggawa. Aya-aya tana da 'ya'ya a cikin ƙasa da ke haɗe da juna da siraran jijiyoyi, in ka tsinke ganyen ka bar su to aski kawai ka yi mata, kuma tsininta yana iya huda ƙyallen da na ambata. Haka ƙiri-ƙiri da tofa, kowane guntun saiwa da aka bari sabon tsiro ne. Bayan an tsince abin da ido ya gani, a yi wa wurin ban-ruwa, a bar shi mako biyu, duk abin da ya sake tsirowa a tone shi, ko a fesa masa maganin ciyawa irin mai bin ganye ya sauka saiwa, bisa ƙa'idar da aka rubuta a jikin kwalbar. Kada ka yarda da masu cewa a zuba baƙin mai ko gishiri. Ƙasar za ta mutu shekara da shekaru, kuma abin da aka zuba ba ya tsayawa sai ya gangara rijiya, taka ko ta maƙwabcinka.

Daga nan a daidaita wurin da ɗan gangare, kamar santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, ya bar jikin gini ya nufi rariya. A zuba burji, ko manyan tsakuwa haɗe da garin dutse, kaurin santimita 5 a wurin tafiya, 10 ko fiye a wurin mota, a yayyafa ruwa a daddale da inji ko da madaɓi mai nauyi, har sai mutum ya taka bai bar sawu ba. In akwai ƙyallen, a shimfiɗa shi ana ɗora bakin wani a kan wani da kamar taƙi guda. Kafin a zuba ta ado sai an yi wa wurin iyaka da bulo ko jerin duwatsu da aka kama da siminti, wanda ya ɗara saman tsakuwar da ɗan yatsa biyu, in ba haka ba kullum tana kan hanyarta ta zuwa kwata. Ka kuma tabbata saman shimfiɗar ya kasance ƙasa da daɓen ɗakunanka da aƙalla santimita 15, domin kada danshi ya kama bango.

Tsakuwar adon da ke sama kada ta wuce kaurin santimita 4 zuwa 5. Mutane suna zaton yawa shi ne inganci, sai su zuba har ƙafa tana nutsewa, babur yana kafewa. Girman da ya fi daɗin takawa shi ne daga milimita 10 zuwa 20, wato abin da masu tifa ke kira rabin inci zuwa wadda ke bi mata. Wadda ta fi haka ƙanƙanta tana maƙalewa a takalmi da taya ta shiga ɗaki, kyanwa kuma ta mayar da ita makewayi, wadda ta fi girma kuwa tana gurɗa ƙafa. A hanyar mota a sa ta inji mai kusurwa, domin tana cije juna ta zauna, ta rafi kuwa mulmulalliya ce, gudu take yi a ƙarƙashin taya.

Lissafin ba shi da wuya. Ka ninka tsawo da faɗi da kauri, duka a mita. Wuri mai mita 8 da mita 5 murabba'in mita 40 ne, idan ka ninka da 0.05 ka sami kubik mita 2, wato tan 3 da ɗoriya. Da yake tifa suna da girma daban-daban, ka auna akwatin motar da kanka da tef kafin ka biya, ka kuma ƙara kashi 10 cikin 100 na cikon da za ka buƙata bayan daminar farko. In tsakuwar inji ce, a wanke ta kafin a baje, saboda garin da ke jikinta.

TAMBAYA: Malam, ina gaisuwa. Mai gidana ya ga tsakuwa a gidan abokinsa, ya ce sai an zuba a tsakar gidanmu gaba ɗaya. Ina da yara ƙanana, ɗaya yana rarrafe, kuma surukata tana tare da mu, da sanda take tafiya. Na nuna masa damuwata, ya ce son jiki ne kawai. Don Allah a ba mu shawara. Daga wata uwargida, Gwallameji, Bauchi.

AMSA: Hajiya, ina amsawa, a gaida yara da Mama. Ba al'adar wannan fili ba ce shiga tsakanin mata da miji, amma tun da maganar dutse ce, gaskiya tana wajenki, kuma ina fata Alhaji zai karanta da idon rahama. Abin da ya gani a gidan abokinsa, ina kyautata zato, harabar gaba ce, wurin da ake wucewa ana kallo. Tsakar gida kuwa wurin aiki ne. A nan ake girki da wanke-wanke da daka da shanya, a nan ake shimfiɗa tabarma, kuma safe da yamma sai an bi shi da tsintsiya. Tsakuwa ba ta sharuwa. Toka da ɓawon albasa da ƙwayar shinkafa da guntun tuwon da yaro ya yar duk tsakanin duwatsun suke shigewa, ruwan wanke-wanke ya bi su, ƙuda da tururuwa da kiyashi su samu wurin zama. Cikin 'yan watanni shimfiɗar da aka kashe wa kuɗi domin tsafta za ta zama ita ce mafi ƙazanta a gidan.

Batun yaron ya fi wannan nauyi. Mai rarrafe duk abin da ya ɗauka baki yake kaiwa, kuma tsakuwa mai milimita 10 zuwa 20 daidai take da abin da ke shaƙe yaro, ƙananan kuma yara kan cusa su a hanci ko kunne. Ita ma Mama, sanda ba ta samun wurin dogara a kan abin da ke motsi, kuma faɗuwar tsoho ba ƙaramar magana ba ce.

Sai zafi. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Bauchi ke kusantar digiri 40, dutse yana shan rana wuni guda, da dare kuma ya riƙa sakin abin da ya sha, daidai lokacin da mutanen gida suka fito waje neman iska. Mai duhu ya fi ɗaukar zafi, fari kuma yana mayar da hasken rana cikin ido da tagogi. Gaskiya ne siminti da intalok su ma suna yin haka, amma su ana iya yayyafa musu ruwa da yamma a share a shimfiɗa tabarma, baya ya kwanta a kan abu mai laushi.

Ba wai tsakuwa ba ta da gurbi a gidan Bahaushe ba ne. Iyayenmu mata sun san ta sarai, sai dai ba su bar ta sakaka ba. Sukan zuba ta, su yi gayya su daɓe da madaɓi, su shayar da ita ruwan makuba na kwasfar ɗorawa, har ta zama daɓe mai santsi da ke sharuwa. Masallatai da dama ma da ƙananan tsakuwa ake shimfiɗe su, kuma haka Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake a farkon zamani, shi ya sa hadisi ya yi hani da wasa da tsakuwa lokacin huɗubar Juma'a. Amma masallaci ba a girki a cikinsa.

Abin da zai raba gardama shi ne a yi wa tsakiyar gidan daɓen siminti ko intalok, a bar wa Alhaji zirin da ke bin gindin bango, faɗin kamar rabin mita, a zuba masa manyan duwatsun rafi da suka fi ƙarfin bakin yaro. A nan suna da amfani na gaske, domin ruwan da ke zubowa daga bakin kwano ko indararo ba zai tona rami ba, ba zai kuma fantsama jar ƙasa a jikin fenti ba. Sauran sha'awar ya kai ta ƙofar gida.

TAMBAYA: Malam, filina a Tumfure yana da gangare, kuma kowace damina ruwa yana cin ƙasar harabar. Ina tsakanin intalok da tsakuwa. Wanne zai fi tare mini zaizaya? Daga wani ma'aikaci, Gombe.

AMSA: Yallaɓai, duk wanda ya san kwazazzaban da suka ratsa garin Gombe ya san tambayarka ba ta ado kaɗai ba ce. Mafi yawan garin yana kan ƙasa mai yashi-yashi wadda ba ta da riƙo, ga shi kuma a gangare, kuma kowane gida da aka rufe da kwano aka malale harabarsa da siminti yana ƙara wa titi ruwan da a da ƙasa ke shanyewa. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita guda ne. Ke nan idan aka yi ruwa mai milimita 50, wanda ba abin mamaki ba ne a tsakiyar damina, haraba mai murabba'in mita 200 tana karɓar lita 10,000, ban da abin da rufi ya zubo. In a malale take, duk wannan ta rariya zai fita a lokaci guda ya auka wa na ƙasa da kai. Ta wannan fuska tsakuwa ta fi, domin tana karya ƙarfin ɗigon ruwa, tana rage masa gudu, tana ba ƙasa damar sha.

Sai dai tsakuwa ba ta zama a gangare. Idan wurin yana sauka fiye da kamar santimita 10 a kowace mita, ruwan farko mai ƙarfi zai tattara maka ita a bakin get. Dabarar ita ce a yanka filin hawa-hawa, kowane hawa a daidaita shi, a tokare bakinsa da gajeren bango na dutse ko bulo mai ƙananan kafofin fitar ruwa, irin dabarar da manoman kan tudu suka daɗe suna yi a gonakinsu. A kan kowane hawa sai a zuba tsakuwar inji mai kusurwa. Hanyar mota, wadda dole ta bi gangaren, ita a yi mata intalok ko kankare. Ruwan rufi kuma kada a sake shi a kan shimfiɗar, a kama shi da bututu zuwa tanki, abin da ya yi saura a kai shi ramin da aka cika da manyan duwatsu, nesa da gini da kamar mita 5, nesa kuma da masai da rijiya.

Akwai sharaɗi guda da ke iya rushe duk abin da na faɗa. A wasu sassan jihar akwai baƙar laka mai kumbura idan ta sha ruwa, ta tsattsage idan ta bushe, kuma ita ce ke fasa bango da daɓe. Ka haƙa rami mai zurfin gwiwa, ka cika shi da ruwa, in ya tsotse ka sake cikawa. In ruwan ya wuce cikin 'yan sa'o'i, ƙasarka mai sha ce. In kuwa ya kwana, kuma ƙasar tana danƙo a hannu, to kada ka bar ruwa ya nutse kusa da harsashin gini. A malale zagayen gidan da kankare faɗin mita guda ko fiye, tsakuwa ta fara daga can, kuma ka nemi injiniya ya duba kafin ka kashe kuɗi.

TAMBAYA: Gaskiya ne tsakuwa tana tara kunama da maciji? Daga wata ɗaliba, Kaltungo.

AMSA: Malama, wanda ya fito daga garin da ke da asibitin masu saran maciji yana da hujjar yin wannan tambaya. Siririyar shimfiɗa mai santimita 5 a kan daɓaɓɓiyar ƙasa ba ta da kogon da kunama ko kububuwa za su shiga, kuma fili ne fetal da ake ganin duk abin da ke tafiya a kai, saɓanin ciyawa mai duhu. Ita ma gara ba ta samun abin ci a cikinta. Haɗarin yana wajen tulin manyan duwatsu da ake jerawa domin ado ba tare da an cike tsakaninsu ba, da ragowar bulo da itace da aka jingine a lungu, da ganyen da aka bari ya taru. A binne kashi ɗaya cikin uku na kowane babban dutse a ƙasa, a toshe kafofin, kuma kada a ɗaga dutse da hannu sai an fara juya shi da sanda.

TAMBAYA: Malam, na zuba farar tsakuwa irin ta tarazo a gindin lemona da furannina. Yanzu sabon ganyen lemon yana fitowa rawaya, furannin kuma suna ƙonewa. Me ya jawo, kuma me ya kamata in shuka a cikin tsakuwa? Daga wata Hajiya, GRA, Bauchi.

AMSA: Hajiya, ina zargin dutsen. Farar tsakuwar tarazo galibi mabul ce, irin wadda ake haƙowa a Jakura ta jihar Kogi da Igbeti ta jihar Oyo, kuma dangin dutsen farar ƙasa ce da ake yin siminti da shi a Ashaka. Irin wannan dutse yana narkewa sannu a hankali, ya rage wa ƙasa tsami, lemo kuwa idan ƙasa ta rasa ɗan tsaminta ba ya iya jan sinadarin ƙarfe, sai sabon ganye ya fito rawaya jijiyoyinsa suna kore. Ki gwada da kanki. Ki karce dutse ɗaya da wuƙa, in ya karcu ya ba da gari, ki ɗiga wa garin ruwan lemon tsami, in ya yi ƙananan kumfa to shi ne. Farar ƙanƙara ba ta karcuwa, ba ta kumfa, ba ta kuma cutar da ƙasa. Ki janye tsakuwar daga gindin lemon har iyakar inuwarsa, ki maye gurbinta da ruɓaɓɓen taki da busasshen ganye, amma kada su taɓa jikin itacen. Ƙonewar furannin kuwa hasken rana ne da farin dutse ke mayar musu daga ƙasa.

Game da abin shukawa, a nan ma hotunan Turai suna ruɗin mutane. Shahararren lambun tsakuwa na Beth Chatto a yankin Essex na Ingila, wanda ta fara a 1992 a wani tsohon wurin ajiye motoci, ya yi suna ne saboda ba a yi masa ban-ruwa, alhali ruwan da yankin ke samu a shekara bai wuce kimanin milimita 500 da 'yan kai ba. Bauchi tana samun kusan ninki biyu na wannan, amma nasu a warwatse yake cikin shekara a ƙasa mai sanyi, namu kuwa a wata biyar yake zuba, sannan a yi wata shida ko bakwai babu ɗigo. Tsiron da zai rayu a cikin tsakuwarmu sai wanda ke jure jiƙewar Agusta da ƙunar Afrilu duka biyu, kuma irin waɗannan suna nan a dajinmu da bakin shingenmu. Kariya tana fure ja mai kyau a tsakiyar rani lokacin da komai ya bushe. Zabuwa da moda ba sa neman ruwa sai kaɗan, lalle yana karɓar aski ya yi shinge, furen takarda mai hawa katanga kuma ya fi yin fure idan aka rage masa ruwa. Ƙerana da tinya suna da kyan gani a tsakanin duwatsu, amma ruwan jikinsu yana ƙona fata, yana iya lahanta ido, ita ma kariya gubar gare ta, saboda haka a nisanta su daga inda yara da awaki ke kaiwa.

Wajen dasawa a yanka ƙyallen ƙasa a gicciye, a haƙa rami har a wuce daɓen, a cika da ƙasa mai kyau gauraye da yashi, a bar tazarar tafin hannu tsakanin tsakuwa da jikin tsiron. A dasa a farkon damina, a kuma ci gaba da ba shi ruwa a ranin farko ko da mai jure fari ne, domin saiwarsa ba ta yi nisa ba tukuna. Kada ki shimfiɗa tsakuwa a ƙarƙashin dogon yaro ko mangwaro, domin ganyensu da 'ya'yansu za su fi ƙarfin mai shara. A sauran wuraren, manjagarar roba sau ɗaya a mako ta isa. Idan hunturu ya wuce kuma, a tattara shimfiɗar kashi-kashi, a tankaɗe ƙurar da ta zauna a tsakaninta kafin ruwan farko ya sauka, domin a cikin wannan ƙurar ce irin ƙarangiya da tsidau ke tsirowa.